Likitan Wuya Zuwa Ƙasa

Abubuwa da yawa na aikin nan sun zube mini, har da sunayen magungunan da na yi shekaru ina rubutawa, amma ranar da aka kwance wa Alhusaini rawani a tsakar gidan likita na Agadas tana nan inda take a cikin kaina. Kwanan baya da kuka zo gaishe ni, ku da kuka gaje mu a aikin jinya, ɗayanku ya tambayi ra'ayina a kan maganar da ake yi ta a faɗaɗa doka, a yarje wa anfirmiye da ungozoma da sauran waɗanda suka sami horo su riƙa duba masu taɓin hankali, ba sai lokotoro kaɗai ba. Na ce masa ya sha shayinsa kada ya huce. Ina da amsa, tsawonta ne ya fi ƙarfin zaman finjali ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuto muku ita.

Farkon shekarun sittin ne, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, tun ana ce wa mai riƙon yanki kumandan. Ni mutumin Tasawa ne, aiki ya kai ni Agadas a matsayin anfirmiye. Ga wanda bai san tsarinmu na lokacin ba, lokotoro shi ne a sama, kuma guda ɗaya ne tak ga garin da duk abin da ke bayansa har Kawar, can cikin hamada. Namu wani saurayin Bature ne mai haƙuri, mutanen gari suna ce masa Mai Lofe. Ƙarƙashinsa akwai majo, wato babban anfirmiye, mai riƙe da makullai da tsarin aiki. Namu sunansa Isufu, dattijo mai tsabta, wanda ya fara aiki tun ina goye. Sai mu anfirmiye, waɗanda mutanen gari ke kira likita duk da ba mu kai ba.

A aikace kuwa mun kai har mun wuce. In lokotoro ya tafi rangadi, ni ke tsaga maruru, in cire haƙori, in ɗinke wanda raƙumi ya ciza, in yi wa mai zazzaɓi allura ba tare da na tambayi kowa ba. Doka ta sakar mini jikin mutum tun daga wuya har tafin ƙafa. Abin da ta hana ni shi ne kansa. Mai taɓin hankali, in ya tayar da hankalin gari, kumandan ke sa hannu a kawo shi. Amma duba shi, da rubuta masa magani, da canza yadda ake tsaronsa, da shaidar cewa ya isa a sake shi, duk na lokotoro ne shi kaɗai. Haka muka gaji dokar, ba a taɓa ko wasali ɗaya a cikinta ba. Abin haushin, ni an tura ni Dakar na yi watanni ina ƙarin horo a sashen masu wannan ciwo, na dawo da takardar shaida mai hatimi har biyu. Abin da ta jawo mini kawai shi ne suna, abokan aiki suka riƙa kirana Ɗan Dakar.

Wurin da ake ajiye su muna ce masa kabano. Ɗaki ne ƙarami a bayan gidan likita, kusa da inda ake ƙona tsummoki, da ƙyauren ƙarfe da 'yar taga a sama wadda ba ta da marufi. Gardi, wato dogarin gwamnati, shi ke zama a bakin ƙofa, kuma gardin na kumandan ne, ba namu ba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Alhusaini ɗan tsohon gari ne, ubansa Ba'abzine, uwarsa 'yar Agadas, Hausa yake yi a gida da kasuwa. Fataucin gishiri da dabino yake, yana bin ayari zuwa Fachi kowace shekara. A wannan shekarar ya tafi da ƙanensa, ya dawo shi kaɗai. Ciwon ciki ya kama yaron a tsakiyar hamadar Tenere a hanyar dawowa, ayari kuma ba ya tsayawa domin mutum ɗaya, Alhusaini ya binne shi da hannunsa ya bi sawun raƙuma. Bayan ya dawo gida ya daina barci. Ya fara cewa yana jin muryar ƙanen nasa daga cikin rijiya tana neman ruwa. Malamai sun yi masa rubutu, an yi masa hayaƙi, abin sai gaba yake yi. Rannan da hantsi aka same shi a bakin rijiyar unguwa, ya ɗaura igiyar guga a ƙugu yana shirin sauka. Da aka riƙe shi ya yi kokawa har ya karya wa wani maƙwabcinsa hannu. Gardawa suka zo, kumandan ya sa hannu, aka kawo mana shi.

Aka yi rashin sa'a ranar ce lokotoro zai tashi zuwa Kawar yin lambar agana. Kamiyo, wato babbar mota, na tsaye a ƙofa an gama lodi. Duk da haka bai yi gaggawar banza ba, ya duba mutumin da kyau, ni ina yi masa tafinta. Ya rubuta allurar kwantar da hankali ta 'yan kwanaki, ya rubuta a keɓe shi a kabano har ya dawo, ya ƙara layi ɗaya: a raba shi da duk wani abin da zai ɗauru. Mutumin da aka ciro daga bakin rijiya da igiya a ƙugu, ba wanda zai ce wannan layin ba daidai ba ne. Ya ce mana ba zai wuce mako biyu ba, ya hau kamiyo.

Majo ya bi layin nan kamar yadda yake bin kowane layi. Aka cire wa Alhusaini layu, aka zare mazagin wando, aka tuɓe babbar riga. Sannan gardi ya kai hannu ga rawani. Har zuwa lokacin mutumin bai yi gardama ba, allura ta fara kama shi. Amma da ya ji hannu a kan amawalinsa, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci, sai ya yi wani nishi, ya riƙe da hannu biyu. Gardawa uku suka danne shi suka warware. Baƙin alasho ne mai sheƙi, shunin ya rine masa kumatu. Tsakar gida cike take da masu jiran magani, dangi kuma sun biyo shi, har da surukinsa, wani tsoho. Na ga tsohon ya juya baya da sauri ya fita daga gidan likita. Alhusaini ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa, a haka aka shigar da shi.

A garinmu rawani ado ne na manya, in zafi ya yi mutum ya cire ya ajiye a gefe. Na san Abzinawa ba sa son a ga bakinsu, amma sanin baƙo na yi masa, na ɗauka kunya ce irin wadda ke wucewa da kwana ɗaya.

Allurar ta yi aiki. Wannan na gani da idona, kuma shi ne abin da aka koya mini in gani. Ya fara barci. Idonsa ya daina yawo, yana bin mutum daidai. In ladan ya kira salla daga dogon masallaci, sai in leƙa in gan shi ya yi taimama da bango yana yi a zaune. Sai dai ba ya magana, ba ya cin abinci, kullum fuskarsa na bango, hannunsa na kan baki. Majo yana rubutawa kowace safiya cewa majinyaci ya ƙi magana, ya ƙi abinci, alamar ciwon na ƙaruwa.

Yayarsa ce ke kawo masa fura. Sunanta Azara, mace mai jiki, mai saƙar tabarma, ba ta da tsoron kowa. Wata safiya ta tare ni a bakin ɗakin magani, ta dire ƙwaryar jiya a gabana, ko taɓa ta ba a yi ba.

"Likita, kai ɗan ina ne?"

Na ce Tasawa.

"Shi ya sa. To in gaya maka, ni da muka fito ciki ɗaya, tun randa anka naɗa mishi rawani ban sake ganin bakinshi ba. Matarshi ma sai cikin ɗaki. Ko ruwa zai sha, ta ƙarƙashi yake kai shi. Kun tuɓe shi gaban surukinshi, kun aje gardi shina kallo nai ta taga, kuna jira ya buɗe baki ya ci. Kai in an tuɓe maka wando tsakar kasuwa, an miƙo maka tuwo, ci za ka yi?"

Na ce mata umarnin lokotoro ne.

"To kira shi."

Na ce yana Kawar.

"To kai mi ne amfaninka?"

Na ɗauki sabuwar furar na tafi kabano. Na roƙi gardi ya matsa daga jikin taga, na shiga, na ajiye ƙwaryar, na zauna na juya wa Alhusaini baya, fuskata na kallon ƙyaure. Mun daɗe a haka. Can na ji ƙarar ludayi. Da ya sha abin da zai sha, sai na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa, irin ta mutumin da ya kwana biyu bai yi amfani da ita ba.

"Malam likita, ka ji ni. Muryar ta yi shiru. Na san ya mutu, ni na rufe shi. Ka ba ni rawanina."

Na tambaye shi ranar da muke, ya faɗa. Na tambaye shi abin da ya kawo shi nan, ya faɗa, har ya tambayi hannun maƙwabcin da ya karya. Na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, domin haka aka koya mana, a tambaya ba kwana-kwana. Ya ce shi Musulmi ne, kuma rijiyar ma ba mutuwa ya je nema ba, ruwa ya je kai wa yaro. Duk wannan hirar ban ga fuskarsa ba, shi ma bai ga tawa ba.

Na fito na sami Majo a buronsa, wato ofishinsa. Na gaya masa abin da na ji, na ce a ganina a mayar wa mutumin nan rawaninsa, a ba shi bargo, a bar yayarsa ta riƙa zama da shi da rana. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Ɗan Dakar, wataƙila kana da gaskiya. In ka ba shi, gobe muka same shi rataye a ƙarfen taga fa? Alasho kamu nawa ne, ka sani."

Na ce na auna wannan, kuma a ganina haɗarin barinsa a haka ya fi.

"A ganinka. Ganinka yana da wurin sa hannu a takardar nan? Nuna mini wurin in ba ka alƙalami."

Babu wurin. Ya gaya mini cewa tun zamanin Turawa ya ga an kori wani abokin aikinsa, an kai shi gaban shari'a, saboda ya sassauta wa wani majinyaci bisa ganinsa, abin ya zo da tsautsayi. Majo ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Yana da 'ya'ya, saura kaɗan ya ajiye aiki, kuma abin da yake tsoro abu ne mai yiwuwa. Ni ma ban ce ba zai yiwu ba. Shawara ce mai nauyi ta kowane gefe, irin wadda dole wani ya ɗauka ya amsa sunanta, kuma a duk faɗin Abzin ba mai ikon ɗaukarta sai mutumin da ke can bayan Tenere.

Na yi 'yan dabaruna. Na ɗauko abin rufe baki na ɗakin fiɗa, na yanke igiyoyinsa suka zama gajeru yadda ba za su zagaye wuya ba, na miƙa masa ta baya. Ya jujjuya shi, sai na ji ya yi 'yar dariya, ita ce kaɗai na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce, "Wanga ai takunkumin raƙumi ne." Ya turo mini abina. Na kawo bargona na gida, gardi ya karɓe a bakin ƙofa, ya ce bargo yana yaguwa ya zama igiya, shi kuma kumandan zai tambaya ba ni ba. Ya kai ƙarata, aka kira ni aka ja mini kunne. Tabarma ma an hana, wai ana warware ta. Abin da aka yarda da shi shi ne ciyawa, aka zuba masa a ƙasa kamar akuya.

Lokacin ɗari ne. Ku da kuka yi aiki a Agadas kun san ɗarinta, wanda ruwan randa ke gagarar hannu da safe. Mutumin yana kwance a daɓe da gajeren wando da 'yar taguwa marar hannu, taga a buɗe a kansa.

Mako biyu suka wuce ba lokotoro. Na je wurin kumandan. Ya karɓe ni da mutunci, ɗan ƙasa ne irina, sabon naɗi. Ya ce shi ikonsa na shigarwa ne, fitarwa kuwa sai da shaidar lokotoro, kuma ba zai fara mulkinsa da taka doka ba. Ya yarda aka buga waya zuwa Damagaram, inda akwai wani lokotoro. Amsa ta zo cewa ba zai iya soke umarnin abokin aikinsa a kan majinyacin da bai gani da idonsa ba. Shi ma in kun duba gaskiyarsa ce. Kowa na bi ta kansa a wannan lamari yana da gaskiya, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Kafin nan kwanakin allurar da aka rubuta sun ƙare. Maganin yana nan a akwatin ƙarfe, kwalabe a jere, makulli a aljihun Majo, ina ganinsu kullum in na je ɗaukar kinin. Amma irin maganin da ba a fitarwa sai da sa hannun lokotoro ne. Na roƙa, Majo ya girgiza kai, ya ce da Faransanci doka ce, sannan ya maimaita da Hausa kamar ban ji ba.

Ba a jima ba muryar ta dawo. Na fara ganewa ne da ya daina amsa mini in na juya baya. Sai gardi ya ce mini tun asuba yake ganinsa tsaye a ƙarƙashin taga, ya ɗaga kai, yana sauraro, hannu ɗaya a kan baki. Majo ya ce, "Ka gani? Da mun ba shi fa?" Na ce da mun ba shi maganinsa da ba mu zo nan ba. Muka yi musu mai zafi, na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa babba, ya yi kamar bai ji ba. Azara kuwa ta daina yi mini magana. Takan zo ta ajiye fura, ta zauna a jikin bangon kabano ta waje, tana kiran sunansa a hankali, tana ba shi labarin gida, da na awaki, da wanda ya haihu a unguwa.

Wata safiya na shiga na tarar da shi kwance a cikin ciyawa, jikinsa kamar garwashi, numfashi yana fita da ƙyar. Hannun yana nan a kan baki. Na ɗora abin sauraro a bayansa, na ji huhun dama ya cika, na hagu ya fara. Zan gaya muku abin da na ji a raina, ko da ba shi da daɗin ji: sanyi na ji. Na fito da sauri na sami Majo.

Na ce, "Ciwon huhu ne. Ya sauko ƙasan wuya, yanzu nawa ne."

Majo ya dube ni, ya miƙe, ya zaro makullai. Shi da kansa ya gaya wa gardi cewa majinyacin ƙirji ne, za a kai shi ɗakin jinya, kuma wannan ikon anfirmiye ne. Ya buɗe ƙyauren da hannunsa. Na gane shi ma ya daɗe yana jiran wata ƙofa da doka za ta bar masa.

Muka kwantar da shi a gado, muka lulluɓe shi da barguna, na yi masa penisilin. Umarnin lokotoro na kabano ne, nan kuwa ɗakin jinya ne, ba wanda ya ɗaga maganar. Na aika aka gaya wa Azara. Ta zo da alashon a naɗe cikin zane, tun ranar da aka kwance shi ta karɓa ta adana. Ta ce ba mace ke naɗa wa namiji ba, shi zai naɗa abinsa. Na tallafe shi ya zauna, na riƙe masa bakin ƙyallen, na kawar da fuskata. Ya daɗe yana naɗawa, yana hutawa, yana tari. Da ya gama ya ja amawali ya rufe har karan hanci, sai hannun nan ya sauka. Wurin da tafin ya daɗe yana dannawa ban gani ba, amma yatsun sun ƙage, da ƙyar suka miƙe.

Ya dubi yayarsa ya ce, "Azara, ina kwana." Ya gaishe ni, ya gai da Majo da ke tsaye a bakin ƙofa, gaisuwa cikakkiya irin ta mutanen garin, da tambayar gida da iyali da gajiya. Ya sha kunu ta ƙarƙashin amawali. Ban ce muku ya warke daga ciwon kai ba, domin wani lokaci yakan tsaya ya karkata kunne. Amma ya gaya wa Azara abin da ta yi watanni tana so ta ji ba ta sami mai gaya mata ba: inda ya binne ƙanensu, da cewa ya yi masa salla, ya fuskantar da shi gabas, ya jera duwatsu a kai. Ya ce a kira surukinsa. Tsohon ya zo, suka gaisa kowa fuskarsa a rufe, kamar ba abin da ya faru a tsakar gidan nan.

Penisilin bai riske shi ba. Jikin ya riga ya ƙare da yunwa da sanyi, ba abin da magani zai kama. Ya rasu bayan kwana biyu, da la'asar, Azara na riƙe da ƙafarsa. Ba ta yi kururuwa ba. Ta gyara masa amawali, ta dube ni ta ce, "Ka ga ai bai rataye kanshi ba." Na ji maganar har cikin ƙashina.

Mai Lofe ya dawo bayan an yi sadakar bakwai. Kamiyonsu ne ya lalace kusa da Segedin, suka zauna jiran kayan gyara. Ya sauko ya rame, leɓɓansa sun tsage, kuma kafin ya sha ruwa ya tambayi mutumin rijiya. Muka gaya masa komai. Ya ce don me ba mu ba shi rawanin ba da ya natsu, don me ba mu ci gaba da allurar ba. Majo ya ɗauko umarnin ya ajiye masa a gaba. Ya karanta rubutun hannunsa, ya zauna a kan matakala, ya ce shi kwanakin farko yake nufi, ya ɗauka za mu gane. Majo ya ce mun gane, ikon ne ba mu da shi. Daga baya na san ya yi ta kai maganar Yamai, yana neman a ba anfirmiye masu horo ikon ci gaba da magani da sassauta tsaro in ba lokotoro. Har wa'adinsa ya cika ya koma ƙasarsu ba a amsa masa ba.

Azara ta rayu shekaru da yawa bayan haka. In mun haɗu a kasuwa takan amsa gaisuwata, ba ta taɓa zagina ba, sai dai ta sa mini sunan da ya bi ni har na bar garin. Takan ce wa matan da ke kusa da ita, "Ga likitan wuya zuwa ƙasa nan."

To ga amsar tambayarku. Masu jin tsoron a faɗaɗa dokar suna cewa anfirmiye zai yi kuskure, ungozoma za ta yi kuskure. Za mu yi, ba na musu. Da an ba ni iko a ranar nan na miƙa wa Alhusaini alashonsa, mai yiwuwa ne da safe in same shi a jikin taga, in amsa a gaban shari'a da gaban Allah. A horar da ku sosai, a sa mai duba aikinku, a tambaye ku in kun ɓata, duk na yarda. Amma na ga abin da ke faruwa in an ajiye shawara a hannun wanda ba ya nan. Kuskuren bai fasa faruwa ba, sunan mai shi ne kawai aka rasa. Na kuma koyi cewa ciwon kai ba a duba shi daga nesa, sai wanda ke kusa, wanda ya san abin da mutanen wurin ke kira tsirara, ko yake da kunnen da zai saurari mai gaya masa. A yawancin garuruwanmu wannan na kusan ku ne, ko doka ta san da ku ko ba ta sani ba.

Takardar rasuwarsa ni na cika ta, domin wannan doka ta yarda anfirmiye ya yi in ba lokotoro. A wurin da aka tambayi sanadin mutuwa na rubuta ciwon huhu, na sa hannu, Majo ya buga hatimi. Ba ƙarya na rubuta ba. Iyakar abin da aka ba ni izinin gani ke nan.